Sanda a Gidan Rediyo

Ana tsakar hira da wani mawaƙi a gidan rediyo sandar wata tsohuwa ta sauka a goshinsa. Jini ya ɓalle, ko a jikinta.

"Butulu! Shekara talatin ana rawa da waƙarka albarkacin busar saksofon ɗin nan, yara na ta kwaikwayo. Ka taɓa faɗin wanda ya busa?"

"Tuba nake, Inna! Jama'a ku shaida, marigayi mijinta ne."

Ta ƙara masa ɗaya.

"Mijina? Ranar ɗaukar waƙar leɓensa a fashe yake, ni na fasa shi! Wa kuka roƙa ta karɓa?"

Ta zaro saksofon daga buhu, ta busa. Busar da ke cikin waƙar ce sak.

Ta tura masa makirufo. "Gyara maganarka."