Fushin Umma da Auta

Auta ya durƙusa gaban Umma ya gaishe ta. Ta ce "lafiya" a taƙaice, ta ci gaba da ninke wanki. Tun da ya dawo daga ƙasar waje haka take yi masa. Shekarun da ya yi a can, kullum sai sun sha hira a waya har caji ya ƙare. Yanzu ga shi ga ta, amma ko kallon kirki ba ya samu.

Ya ƙaro tsaraba, shiru. Ya aske gemu, shiru. Ya daina cewa "ai mu a can", duk a banza.

Ya tarar da yayarsa a kicin, kamar zai yi kuka. "Yaya, don Allah me na yi wa Umma?"

"Shiga ɗakinka ka kira ta ka ji."

"Alhali ga ta nan a falo?"

"Ni dai na faɗa maka."

Ya shiga ya rufe ƙofa, ya danna kiran bidiyo. Bugu ɗaya ta ɗauka, tana gyara ɗankwali.

"Au, sai yau ka tuna kana da uwa? Tun da ka dawo, ko kira ɗaya!"

"Umma, tare fa muka karya ɗazu. Bango ne kawai tsakaninmu."

"Matsa jikin taga, kana yankewa." Ta kawo fuska daf da wayar, ta ƙura masa ido. "Kai, Auta, ka rame. Anya suna ba ka abinci a can?"