Ganyen da Ya Tsufa

Na ji ƙorafinka, Sallau. Ka ce tun da ka gyara gida, zaman baffanka a ƙofar gida da tsohuwar tabarmarsa, yara sun kewaye shi, yana ɓata maka kwalliyar wurin, gara ka mayar da shi ƙauye ya huta. To, kafin ka nemo mota, zauna ka ji wani misali.

An yi wani mai lambu a cikin duwatsun Jos, inda sanyi ke sa mutum ya nemi bargo da rana tsaka. Albasa da kabeji ya gada, su ya iya. Wata shekara ƙaninsa ya dawo daga karatu a Turkiyya, ya kawo masa tsaraba a ƙullin leda, wasu 'yan kawuna masu kama da ƙananan albasa. Ya ce masa irin wani fure ne da ake kira tulif, asalinsa daga duwatsu masu sanyi na can gabas, sarakunan Turkawa suka raine shi a lambunansu, daga nan ya haye Turai har mutane suka haukace a kansa. Wannan da ya kawo kuwa shunayya ne mai duhu, kamar zoɓon da ya ji dahuwa. Sai dai ba ya fure sai ya sha sanyi mai tsanani tukuna. Mai lambu ba marowaci ba ne, ya raba kawunan biyu ya ba maƙwabcinsa rabi, wani mutum mai son tsabta wanda ko ganye ɗaya ya faɗo a tsakar gidansa sai ya aika a kawo tsintsiya. Suka kai ajiya firjin wata mai sayar da kunun aya, suna ta roƙonta da Allah kada ta manta ta yanka su a miya. Da lokaci ya yi suka shuka. Ƙanin ya riga ya koma Turkiyya, kuma duk garin babu inda za a sami wani irin in wannan ya lalace.

Furen ya fito, kuma ya yi kyau. Masu wucewa zuwa kasuwa sukan tsaya su leƙa ta kan danga, wata tsohuwa ma har ta tambaya ko rini aka yi masa. Amma fure ba ya daɗewa. Ya kaɗe, aka bar ganye, ganyen ya fara rawaya, ya langaɓe, ya kwanta a ƙasa ba kyan gani. Maƙwabcin nan ya duba ya ga ƙazanta, ya ɗauko lauje ya share su tas, ya bi da tsintsiya, ya koma gefe yana jin daɗin yadda wurin ya fito fes. Ya leƙo ya ga na mai lambu yana nan a yashe, har ya yi masa tayin aron lauje. Shi kuwa mai lambu bai san komai game da tulif ba, amma ya san albasa, ya san sai ganyenta ya tsufa ya kwanta sannan kai yake cika. Ya ce, "Bar su, maƙwabci. Ban san abin da suke yi a ƙasa ba, amma ban ga alamar sun gama ba." Ya bar su suna muni har suka bushe don kansu.

Da suka tono kawunan don a sake kai su sanyi, na maƙwabcin sun motse, sun yi shafal kamar ba komai a ciki, na mai lambu kuwa sun yi nauyi, har da 'ya'ya manne a gefe. Ashe duk kwanakin nan da ganyen ke kwance yana ba mai kallo haushi, abincinsa yake juyewa cikin kan, furen baɗi yake ciyarwa. Shekara ta zagayo, na maƙwabcin ya fito da ɗan siririn ganye, babu fure ko ɗaya. Na mai lambu ya fi na bara yawa da duhun launi. Mai lambu bai yi wa maƙwabcin dariya ba, ko da yake na san ya so. Ya ɓanɓaro 'ya'yan ya miƙa masa ta kan danga, maƙwabcin ya karɓa da hannu biyu, ya rataye laujensa. Tun daga nan, in furen ya kaɗe, sai su shimfiɗa tabarma kusa da ganyen mai rawaya su sha shayi, hankalinsu kwance.

Yanzu ka tafi gida ka tsaya daga nesa ka ji abin da tsohon nan yake zuba wa 'ya'yanka a kan tabarmar da kake jin kunyarta. Ni dai ina ƙaunar ganinsu a wurin, kuma zan yi baƙin ciki ranar da na zo na tarar an share. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.