Layin da Ya Ƙi Miƙewa

Tun da aka kafa dokar Ma'auni Ɗaya, duk manhajar kwamfutar da aka rubuta a ƙasar nan kamarta ɗaya. Kana adana aikinka, Ma'auni, na'urar da ke tace rubutun, zai miƙe layuka, ya daidaita tazara, ya shafe duk wata alamar hannunka.

Da hantsi Tasalla ta kira shugaban sashensu, Malam Ɗanjuma, ta nuna masa manhajar rabon ruwan gari.

"Malam, dubi layin nan. A karkace yake."

"Idonki ne. Ma'auni ba ya ƙyale karkatacce."

"Shi ne kuma layin da ke rage wa unguwannin bayan gada ruwa."

Ta miƙe layin a gabansa, ta adana. Nan take Ma'auni ya mayar da shi yadda yake, a karkace.

"Ki bar shi," in ji Malam Ɗanjuma daga bayanta. "Wa kika nuna wa ban da ni?"

Ta ce babu kowa. Ba ta waiwaya ba. Tun kafin dokar, mutum ɗaya ta sani mai tura layi gefe haka, shi ya koya mata aikin, kuma ga hannunsa a kan kujerarta.