Guntayen Katakon Baba

Yau kwana tara ke nan ba a ji ƙarar zarto a gidan ba. Fensirin da Baba ke maƙalewa a kunne yana nan kan teburin aiki. Shi ne dai babu.

Auta ta zauna a shagon Baba, takardar sakamako a cinyarta. Sau biyu Turanci yana kayar da ita a jarrabawar shiga makarantar koyon jinya. Kawunta ya ce in ta faɗi ta uku, sai ta haƙura ta koma ɗinki. Baba ya ce a bar masa ita. Kafinta ne, amma ya yi aiki da kamfanin gini a samartakarsa, bakinsa ya saba da Turanci.

Da guntayen katako ya koyar da ita, kowanne da rubutu a fuskarsa. Bayan la'asar sai ya kaɗe garin katako daga benci, ya ɗaga guda ɗaya, rubutun yana kallonta, babban yatsansa yana shafa bayan.

"Wannan un ne. In ya shiga gaban kalma, ya kore ta. Happy, farin ciki. Unhappy fa?"

"Baƙin ciki."

"Ashe kan nan ba na ɗaurin kallabi kaɗai ba ne."

Re, a sake yi. Pre, kafin a yi. Mis, an yi amma a karkace, "kamar kujerar da kawunki ya haɗa." Ta daina tsoron doguwar kalma. Sai ta ɓalle mata kai, ta duba abin da ya rage.

Abu ɗaya ke ba ta haushi. Kullum da safe sai ya ɗauki guduma ya nufi gidan wani tsohon malamin makaranta, wai gyaran ƙyaure. Wata huɗu, ƙyaure ɗaya.

Ana saura mako guda jarrabawa ta ci karo da dis a littafi, ta miƙa wa Baba shafin. Ya daɗe yana kallo, ya ce idonsa ya gaji, a bari sai gobe.

"Goben ma ƙyauren mutane za ka tafi. Ni ce ba ka da lokacina!" Ta fizge littafinta.

Washegari da la'asar ga sabon guntu a benci. Ta koya, amma ba ta ba shi haƙuri ba. Ta ce a ranta sai sakamako ya fito, ta haɗa masa da albishir.

Yau ya fito. Ta ci.

Tana nan zaune tsohon malamin ya yi sallama, yana dogara sanda. Ta miƙa masa takardar. Ya karanta, ya share ido da hannun riga.

"Malam, ƙyauren nan ya gyaru kuwa?"

"Wane ƙyaure, 'yata?"

Ya ɗauki guntu ɗaya daga benci ya juya shi. Tsaga biyu ce a bayan, da bakin wuƙa. Wani tsaga uku. Wani rami kamar na ƙusa. Sun yi santsi saboda shafa.

"Rubutun gaban nawa ne," in ji shi. "Na bayan nasa."

Ku taya Auta roƙo, Allah ya jiƙan kafintan da ke haddace darasi da safe ya kawo mata da la'asar, ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa iya karanta ko harafi ɗaya ba.