Zanen da ke Jikin Dirkar Rumfa

Ranar akwai Inna, akwai Goggo Hari yayar Baba, akwai ƙanena Sale yana barci a tabarma ƙarƙashin rumfa, sai ni. A gidanmu na Saulawa ne, da kaka, an jibge damman dawa a saman rumfar.

Ni yarinya ce mai ƙura wa abu ido, kullum faɗan da ake yi mini ke nan. Ina ɓantare ɓawon dirkar da ta tallafe rumfar, sai na ga zane a jikin itacen, siriri, ya yi ta lanƙwasa kamar an zana lalle. Na ce, "Goggo, wa ya yi wa itacen nan ado?"

Inna ta ce, "Tashi ki ba mutane wuri, sarkin sa ido!"

Goggo ta ajiye tsintar wakenta, ta zo ta dangwala ɗan yatsa. Gari ya zubo, fari, mai warin ruɓa. Ta ce, "Sawun tsutsa ne, ta cinye cikinsa. Ɗauke yaron nan!" Kafin a gama sauke dawar, dirkar ta karye, rumfar ta zube a kan tabarmar.

Goggo ta dubi Inna ta ce, "Kada a sake hana ta kallo."

Yau jikokin Sale suna cewa na cika sa ido. Su faɗa. Allah Ya jiƙan Goggo.

Washegari da sassafe na bi dirkokin gidan ɗaya bayan ɗaya ina ɓantare ɓawo, ba wanda ya ce mini kanzil.