Jirgin Rakiyar Ango

Daeng Parani ya durƙusa a bakin gadar katakon da ake ɗaure jiragen ruwa ya leƙa gefen jirginsa, nan take gabansa ya faɗi. Jan fentin da ke nuna iyakar kayan da jirgin zai iya ɗauka tuni ruwa ya shanye shi, ga shi har yanzu mutane sai ɗurowa suke yi ciki.

Fito ita ce sana'arsa, daga garinsu a gaɓar tsibirin Sulawesi zuwa Ujung Lassa, ƙauyen masunta da ke tsallaken teku. Ran nan kuwa ba fasinja ya ɗauka ba, danginsa ne kaf. Ɗan yayarsa Mappa ne ango, za a raka shi gidan amarya. 'Yan mata sun jeru da farantan kayan zaƙi a hannu, an ɗora buhunan shinkafa, an cusa babura biyu, wasu samari har sun haye rufi suna ɗaukar hoto.

Ya matsa kusa da Kawu Sikki, babban gidansu, ya rage murya. "Kawu, jirgi ya yi nauyi fa. A raba mutanen nan gida biyu, in kai rabi in dawo."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Wa za ka ce wa ya sauka? Gwaggonka ko liman? Ango ya isa da rabin danginsa, surukai su ce ba mu da mutane?"

"Iska za ta juya da hantsi, Kawu."

"Kai, rufe mana baki! Tun kana tsumma nake tsallaka ruwan nan. Ubanka bai taɓa sauke ɗan'uwa daga jirgi ba."

Aka kwashe da dariya. Daga kan rufi wani ya ce, "Daeng, in tsoro kake ji ba ni injin, kai ka zo ka riƙe faranti!"

Kunya ta rufe shi. Wallahi abin haushi, mutumin da ya fi kowa a wurin sanin halin jirgin nan, shi ne ya sunkuyar da kai kamar marar gaskiya.

Ya waiga wajen matarsa Rannu. 'Yar kan tudu ce, ko a rafi ba ta taɓa koyon iyo ba. "Ke dai sauka ki jira ni, zan dawo in ɗauke ki."

"Ni kaɗai? Yaya Tenri na aurar da ɗa, a ce matar ƙaninta ce ta ƙi zuwa?"

"To, sa wannan." Ya miƙa mata rigar kariya mai hana nutsewa.

Ta dubi silikin da ta kwana tana gogewa, ta dubi sauran matan, babu wadda ta sa. "Haba Daeng, a kan kwalliyata? So kake a yi da ni har shekara?" Ta karɓa dai, ta tura ta ƙarƙashin benci.

Ya yi bisimilla ya tayar da injin.

Suka bar gaɓa. Jirgin tafiya yake da ƙyar, in ya karkata sai ya daɗe kafin ya miƙe. Igiyar ruwa na dukan gefe tana watso wa mutane, mata na ihun wasa suna kare farantai. Shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga, ido ɗaya a kan teku, ɗaya a kan Rannu.

Da hantsi iska ta juya, kamar yadda ya faɗa. Duk da haka ya lallaɓa, ya lallaɓa, har itatuwan kwakwar Ujung Lassa suka bayyana, ga gidajen kan turaku, ga dangin amarya cike da bakin gaɓa. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a ransa an tsira.

Sai kiɗan tarbar ango ya tashi daga gaɓa.

"Ga su can! Ga su can!"

Kowa ya miƙe. Na hagu suka rugo dama don su gani, na kan rufi suka zubo gefe guda suna ɗaga hannu.

"Ku zauna! Don Allah ku koma wurarenku!" Muryarsa har ta dushe, amma ina, kiɗa da guɗa sun danne ta. Baburan suka sulale suka bi mutane. Jirgi ya kwanta, bai ƙara tashi ba.

Masunta suka rugo da kwale-kwale. Daeng Parani ya yi ta nutso, ya cafko wannan, ya turo wancan, yana kiran sunan Rannu har ruwa ya cika masa baki. Sai bayan la'asar aka samo gawarta a ƙarƙashin jirgin, zanen silikinta ya naɗe mata ƙafafu. Ita da Yaya Tenri uwar ango da 'yan mata uku aka jera a rumfar da aka kafa don biki.

A zaman makoki yana gefe, ya haɗa kai da gwiwa, sai ya jiyo Kawu Sikki yana yi wa masu gaisuwa bayani.

"Mu me muka sani game da jirgi? Shi ne mai fito. Da ya tsaya ya ce ba zai tashi ba, wa ya isa ya tilasta shi?"

Daeng Parani bai ɗago ba, don ya san duk da rashin kunyar maganar, gaskiya ce.

Jama'a, in ran mutane yana hannunka, kada kunyar babba ko dariyar dangi ta sa ka yarda da abin da ka san haɗari ne. Kai kuma fasinja, in mai jirgi ya ce ya cika, sauka ka jira, in ya ba ka rigar kariya ka sa, ka zauna inda aka ajiye ka har sai an ɗaure jirgi a gaɓa.