Ɗan Gidanmu

"Ba ya numfashi!" Dakta Baffa ya daka tsawa, yana danna ƙirjin yaron. Sabon shiga ne a sashen agajin gaggawa na yara, yau kuma babu mai karɓarsa.

Matar da ta kawo yaron daga Tirwun tana tsaye bakin ƙofa, kai a sunkuye.

"Baiwar Allah, ɗanki ne?"

"Ɗan gidanmu ne," ta ce a hankali.

"To fita ki nemo min uwarsa! Ita ta san abin da ya same shi!"

Ta fita. Ya danna, ya hura iska, iskar ta ƙi shiga. Zufa ta karyo masa, yana ta salati. Na'ura ta ja ƙara, ta yi tsit.

"Ya isa," in ji malamarsu, Dakta Yagana, tana rufe yaron robar da suke atisaye da shi. "Uwar ka kora, Baffa. Bafulatana ce, shi kuma ɗan fari. Kunya ba ta barin ta ce nata ne, balle ta kama sunansa. Ita kaɗai ta ga gyaɗa ta shaƙe shi."

Aka dawo da matar. Baffa ya share zufa, ya yi murmushin yaƙe. "Wallahi Inna, kin iya wasan kwaikwayo."

"Ba koya min aka yi ba, likita. Haka aka kore ni bara."

Ta yaye zanen da aka rufe yaron robar da shi, ta shafa kansa, ta kira sunan ɗanta na fari, sunan da ba ta taɓa kira ba yana raye.

"Yero."